Masu gyara hanyar dawowa tun kafin a tashi

Ɗan kasuwar Matameye da ke saro kaya a Kano, in yana da asusu a bankin Najeriya, da wuya ya manta watan Oktoba na 2024. A watan ne Zenith da GTBank suka sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a. Aka yi kwanaki kuɗi na maƙalewa a hanya, an tura, mai kaya yana rantsuwa bai ga komai ba.

Sauyi irin wannan yana da gwanayensa, kuma waɗanda suka fi burge ni su ne masu kula da manyan kwamfutocin IBM, jikokin System/360 ta shekarar 1964, waɗanda har gobe manyan bankunan duniya ke dogaro da su. Babbar manhajar da ke tuƙa su, z/OS, ana sabunta ta bayan kamar shekara biyu, alhali a kanta akwai shirye-shiryen da aka rubuta da harshen kwamfuta na COBOL da suka girmi mai kula da su.

Gwani ba ya ɗora sabo a kan tsoho. Sabon tsarin a faifai daban yake girka shi, ya gwada shi a wani ɓangaren na'urar da babu kuɗin kowa a ciki. Daren sauyi sai ya tayar da na'ura daga sabon faifan. In abu ya ƙi, ya sake tayar da ita daga tsohon, wanda ko ƙura bai taɓa masa ba. Manomi ma ba ya rushe tsohon rumbu sai sabon ya sha damina. Hatta manhajar da ake girka gyare-gyare da ita, SMP/E, ta raba aikin gida biyu: akwai sakawa ta gwaji wadda ake iya warwarewa, akwai ta tabbatarwa wadda ke rufe ƙofar baya. Mai hankali yakan ja ƙafa sosai kafin ta biyun.

Amma nan duk sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne bayanai. Sabon tsari ya yi ko da awa ɗaya yana aiki, ya riga ya yi rubutu a rumbunan bayanai da salonsa. Ka koma tsohon, zai iya karanta abin da sabon ya rubuta? Shi ya sa gwani, makonni kafin ranar, tsohon tsarin yake fara yi wa faci, ya koya masa zama da wanda bai iso ba tukuna. IBM kanta tana fitar da waɗannan faci, amma lamunin zaman tare bai wuce fitowa uku a jere ba. Wanda ya yi sakaci aka bar shi a baya da nisa, sai ya yi zango biyu.

Ga abin da rashin gyara hanyar dawowa ke jawowa. A Yunin 2012 bankin RBS na Birtaniya ya sabunta manhajar da ke jera lissafin dare, ta ba da matsala, ma'aikata suka janye ta ba tare da sun taɓa gwada janyewar ba. Ashe tsohuwar da sabuwar ba sa jituwa. Abin ya shafi mutum miliyan 6.5, masu asusu a Ulster Bank, wanda ke ƙarƙashin RBS, suka yi makonni a cikin wahala, kuma a 2014 hukumomi suka ci tarar bankin fam miliyan 56.