Gwanayen da Suka Mayar da Shago Gida

Wanda ya taɓa shiga shagon ɗinki a Potiskum cikin zafin Afrilu ya san darajar kafinta. Shi ke buga silin da zai tare zafin kwano, ya kafa kantar jera yadudduka, ya haɗa benci daidai zaman baƙo. Tabarmar kaba daga hannun masaƙa take, randar da ke kusurwa aikin maginiya ce, turaren wuta irin na Barno kuma yana tashi a kasko.

A waje tireloli na ta rugugi zuwa kasuwar shanu. A ciki kuwa tela ya tuɓe takalmi, ya harɗe kamar a ɗakin gyatumarsa, yana fitar da aska takwas a babbar riga. Sannunku da aiki, gwanaye.