Gida Babu Zaure

Jama'a, ba raina alheri muke yi ba. Duk wanda ya ga Konduga bayan 'yan Boko Haram sun cinna mata wuta a Fabrairun 2014 ya san rufin kwano ni'ima ne. Alhamdu lillahi.

Amma ku dubi sababbin gidajen: an jera su layi-layi kamar bariki, ƙofa na kallon titi. To ina zaure? A zaure malam ke biya wa yara allo, a nan muke sasanta rigimar bashi, a nan baƙon da ya sauko daga motar Bama ke kwana. Lungu kuwa shi ke kai mace gidan maƙwabciya ba tare da ta ratsa majalisar maza ba. Yanzu mai sallama sai ya tsaya a rana, uwargida na ɓuya bayan labule. Wasunmu har sun kewaye ƙofa da zana.

Wanda ya zana gidajen nan, wallahi da alama bai taɓa zama a unguwarmu ba. Kafin a aza bulon rukuni na gaba, a zauna da masu unguwa, a bar mana filin zaure. Ginin, mu za mu yi.