Teburin Da Ba A Ambaton Bakwai

A manyan gidajen caca na Las Vegas yawancin 'yan caca shiru suke yi. Mai karta ya ƙura wa kartarsa ido, mai latsa na'ura ya ba kowa baya, kowa tasa ta fishe shi. Amma akwai wani dogon teburi mai zurfi kamar kwalekwale inda za ka ga mutum goma sha wani abu a tsaye, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, suna ihu tare, suna tafawa, in asara ta zo su yi tsit tare. Wannan shi ne wasan da Amurkawa ke kira kirafs. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka gina wasan har baƙi suka zama 'yan gida ɗaya, da kuma wanda ke cin moriyar wannan zumunci.

Kayan wasan dayis biyu ne, irin mai fuska shida da yara ke jefawa a lido, sai dai na gidan caca ya fi girma, ana hango cikinsa, gefunansa da kaifi, kuma kowanne da lambar shaida. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. A cikinsu 7 na da hanya shida, 6 da 8 biyar-biyar, 5 da 9 huɗu-huɗu, 4 da 10 uku-uku, 3 da 11 bibbiyu, 2 da 12 kuwa ɗaya-ɗaya. Duk wani abu da ke kan teburin, daga kuɗin da ake biya har camfin da ake yi, daga wannan ɗan lissafi ya fito.

Mai jifa ɗaya ne daga cikin 'yan wasan, ba ma'aikacin gida ba. Kafin ya jefa, jama'a na ajiye tsabar robar da ke madadin kuɗi a kan wani layi da ya zagaye teburin, bari mu kira shi layin goyon baya. Idan jifan farko ya ba da 7 ko 11, kowa ya ci daidai abin da ya sa. Idan ya ba da 2 ko 3 ko 12, kuɗin ya tafi. Idan kuwa wata lamba ce, 4, 5, 6, 8, 9 ko 10, sai ma'aikaci ya juya wani ɗan faifai daga baƙin gefensa zuwa farin, ya ɗora shi a kan lambar. Ta zama lambar nema ke nan. Daga nan mai jifa zai yi ta jefawa: in lambar ta dawo kafin 7, an ci, in 7 ta riga ta, an kwashe komai, dayis ya koma hannun na kusa da shi ta hagu.

A lura da halin bakwai a nan. A jifan farko aminiya ce: hanya takwas ke kawo ci, huɗu kacal ke kawo asara. Da zarar an kafa lambar nema sai ta rikiɗe ta zama dodo, domin babu lambar da ta kai ta yawan hanyoyi. Daidai wannan lokaci ne kuma doka ta hana ka janye kuɗinka daga layin. Ka sha romon farko, dole ka tsaya a ci naman da kai.

Asalin wasan daga Ingila ne, daga wata tsohuwar cacar dayis mai suna Hazard. A Niyu Olins, a farkon ƙarni na 19, aka sauƙaƙa shi, kuma ana jingina yaɗuwarsa ga wani ɗan masu kuɗi, Bernard de Marigny, wanda har ya raɗa wa wani titi a unguwar da ya yanka sunan wasan, kafin daga baya a mayar da shi titin Burgundy. Daga nan ya bi kogin Misisifi, ya zama cacar lungu da ta bakin tasha, ta lebura da ma'aikatan jirgin ruwa, musamman baƙaƙen fata. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun yi ta buga shi a kan bargon barikinsu. Tun kafin yaƙin, jihar Nebada ta halatta caca a 1931, wasan ya samu rufin kwano da fitila. Amma wanda ya ba shi siffarsa ta yau wani maƙerin dayis ne, John H. Winn, wajen 1907, da ya ƙara layi na biyu: layin adawa, inda mutum zai sa kuɗinsa a kan cewa mai jifa zai faɗi. Dabarar ta kashe kasuwar dayis na algus, domin in an karkata shi gefe guda, sai masu wayo su koma wancan gefen.

Yanzu mu duba ƙyallen da aka shimfiɗa a teburin, domin a nan ne ake gane halin mai gida. A layin goyon baya, la'adar gida kashi 1.41 ce cikin 100: a kowace dala 100 da aka zuba, in an daɗe ana yi, dala 1 da santi 41 na gida ne. A ma'aunin caca wannan sauƙi ne. Akwai ma wanda ya fi shi. Bayan an kafa lambar nema, ana iya ƙara kuɗi a bayan na farko, kuma wannan ƙarin ana biyansa daidai da gaskiyar lissafi: biyu a kan ɗaya ga 4 da 10, uku a kan biyu ga 5 da 9, shida a kan biyar ga 6 da 8. Gida ba shi da ko sisi a ciki. To, nemi inda aka rubuta shi a ƙyallen. Babu. Fili ne kawai a bayan layi, sai wanda ya sani. An kuma yi masa iyaka, galibi ninki uku ko huɗu ko biyar gwargwadon lambar. Kada dai a ruɗu: ƙarin ba ya rage asarar kuɗin farko, girman tashi da faɗuwa kawai yake ƙarawa.

Tsakiyar teburin kuwa an ƙawata ta da zanen dayis da manyan alƙaluma. A nan ake cewa ka sa ɗaya ka kwashi 30 in 2 ta fito, alhali sau ɗaya take fitowa cikin 36. La'adar gida ta kusa kashi 14. A nan ake cacar cewa 8 za ta zo da huɗu biyu, ko 10 da biyar biyu, la'ada kashi 9 zuwa 11. Mafi muni ita ce cacar cewa jifa mai zuwa 7 ne: sau ɗaya cikin shida take zuwa, adalci a biya biyar, amma huɗu ake biya, gida ya riƙe kashi 16.67. Kuma wannan tsakiya ita ce hurumin mai sanda, ma'aikacin da ke jawo dayis da lanƙwasasshiyar sanda yana shelar abin da ya fito. Rabin aikinsa shela, rabi talla. Da zaƙin baki irin na dillali yake tunatar da kai kayan tsakiya tsakanin jifa da jifa. Kayan da ya fi tsada shi aka kai bakin shago, aka sa masa maroƙi.

Ladubban teburin, waɗanda ke firgita baƙo, in an tankaɗe su kashi biyu ne da aka cakuɗa har suka zama kamar abu ɗaya. Kashi na farko na gida ne. Ba a miƙa wa ma'aikaci kuɗi hannu da hannu, ajiyewa ake yi a kan ƙyalle, domin kyamarar da ke rufi ta gani. Mai sanda zai turo maka dayis biyar ka zaɓi biyu, da hannu ɗaya, kuma kada hannun ya fita daga kan teburi, don kada a yi musanya. Dole jifan ya bugi bangon can ƙarshe, wanda aka lulluɓe da roba mai tsini-tsini, don kada gwanintar yatsu ta yi aiki. In dayis ya faɗo ƙasa, sai babban ma'aikacin da ke zaune a tsakiya yana gadin kuɗin gida ya jujjuya shi kafin ya dawo. Abin sha kuwa sai a kan katakon da ke ƙasan bakin teburin. Duk wannan tsaro ne da aka sa wa rigar ladabi, kuma ban ga laifinsa ba.

Kashi na biyu na jama'a ne, kuma camfi ne zalla. Babbansu: muddin farin faifai na kan lamba, ba a furta kalmar bakwai. Sai a ce "ita", ko "shaiɗan", kamar yadda tsofaffinmu ke ce wa maciji igiyar ƙasa in dare ya yi. Ko sha ɗaya ba a kiranta kai tsaye, "yo" ake cewa, domin a Ingilishi sautinta ya yi kusa da na bakwai. In dayis ya bugi hannun wani da ya miƙo a makare sannan 7 ta fito, shi ya jawo ta, kuma zai sha harara. In dayis ya yi tsalle waje, mai jifa kan nemi a dawo masa da shi ɗin dai, kada a canza masa sa'a. Dayis ba shi da kunne kuma ba ya tuna jiya, kowa a wurin ya san haka in ka tare shi a waje. Amma camfin na da aiki: yana ba kowa jin cewa yana da hannu a abin da babu mai hannu a cikinsa, kuma yana samar da wanda za a ɗora wa laifi ban da lissafi. Hatta tukwicin ma'aikata sau da yawa ba a hannu ake ba su ba, caca ake sa musu da shi, su ma su shigo sahun masu fata.

Wanda ya fi shan wahalar wannan zumunci shi ne ɗan layin adawa. A lissafi ya ɗan fi kowa gaskiya: la'adarsa kashi 1.36 ce, da ma ta koma gefensa ba don an sa 12 a jifan farko ta zama ba ci ba asara ba. Shi an yarda ya janye kuɗinsa bayan an kafa lamba, tun da a lokacin shi ke da rinjaye, janyewar gida take yi wa daɗi. Amma sunansa a bakin 'yan wasa mai cacar kuskure, gefensa kuwa gefen duhu. Ladabinsa shi ne ya lafe a kusurwa, in ya ci ya haɗiye murnarsa, domin cinsa makokin sauran ne. A nan na ga ƙarfin abin: yawancin mutane sun gwammace su yi asara cikin jama'a da su ci su kaɗai. William Lee Bergstrom bai damu da wannan ba. A 1980 ya shiga gidan cacar Binion's Horseshoe da akwati biyu, ɗaya da dala 777,000, ɗaya fanko, ya zuba duka a layin adawa, ya fita da biyun a cike. A 1984 ya dawo da dala miliyan ɗaya, 7 ta fito a jifan farko, inda take kashe ɗan adawa. Bayan 'yan watanni ya kashe kansa.

Labarin da 'yan teburi suka fi son bayarwa ba nasa ba ne, na masu zafin hannu ne. A matsakaici, mai jifa kan yi jifa takwas zuwa tara kafin bakwai ta kore shi. Amma a 1989 Stanley Fujitake, mutumin Hawayi, ya yi jifa 118 cikin awa uku da 'yan mintuna a otal ɗin California da ke Las Vegas. A watan Mayun 2009 wata kaka daga Niyu Jasi, Patricia Demauro, ta riƙe dayis awa 4 da minti 18 a gidan Borgata na Atlantic City, jifa 154. Gidan bai ɓoye labarin ba, shi ya taya ta biki. Jifanta na ƙarshe 7 ne. Ma'aikata suka kwashe abin da ya rage a layi, aka kifa faifai ya koma baƙi.