Sharhi a Kan Tambayoyin Bincike Game da Sa Hannun Iyaye a Karatun Yara: Misali Daga Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, ake ta ƙorafin cewa iyaye a karkarar Hausa ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa sau da yawa tsarin tambayoyin binciken ne ke haifar da wannan hukunci. Da yawa daga cikin tambayoyin da ake kaiwa arewacin Zamfara an ɗebo su ne daga rabe-raben nan shida na Joyce Epstein ta Amurka, aka fassara su yadda suke.

2.0 Illolin Tambayoyin

Illa ta farko ita ce kalmar “iyaye”. Tambaya irin “Sau nawa kake duba littattafan ɗanka?” ta ɗauka cewa mahaifi kaɗai ke da alhakin yaro. Alhali kuwa Polly Hill ta bayyana a 1972, cikin nazarinta na Ɓatagarawa, yadda uban gandu ke juya aikin 'ya'yansa magidanta. Inda ake zaman gandu, kaka ne ke yanke ko yaro zai tafi aji ko gona da damina. Ga kuma riƙo, ga alkunyar ɗan fari, wadda kan hana uba yabon ɗansa gaban baƙo.

Ta biyu, ana auna kulawar uwa da yawan zuwanta makaranta, ko da matar kulle ce. Enid Schildkrout ta nuna a Kano yadda sana'ar irin waɗannan mata ta dogara ga tallan yara. Saboda haka uwar da ta sauke wa 'yarta farantin talla ta tura ta aji ta sadaukar da riba, amma ba gurbin da zai ɗauki wannan a takardar.

Ta uku, “makaranta” a takardar boko kawai take nufi. Magidancin da ke ba da kuɗin Laraba, yana kuma tanadin walimar sauka, sai a lissafa shi cikin marasa kulawa.

Ta huɗu, ma'aunin nan na Likert na 1932, mai hawa daga “na yarda ƙwarai” zuwa “ban yarda ba sam”, ya ci karo da girmama baƙo. Dattijo kan ce “haka ne” don ladabi. Bugu da ƙari, a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu saboda sace ɗalibai. Uban da ya tsare ɗansa a gida a Zurmi ko Shinkafi don tsoron 'yan bindiga, kulawa ya yi, ba sakaci ba.

3.0 Kammalawa

Muna ba da shawara a fara tambaya daga kan yaro: “Wa ya saya masa littafin rubutu na ƙarshe? Wa ya hana shi zuwa jiya, kuma don me?” Mata su shiga su tambayi mata, a kuma gwada tambayoyin da Zamfarci kafin a buga su. In ba haka ba, hukuma za ta ci gaba da kashe kuɗi wajen wayar da kan iyaye, alhali tsaro da malamai suke nema.