Daren Kishi: Nazari a Kan Zanen Teku na August Strindberg

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani zane na August Strindberg (1849–1912), mashahurin marubucin wasan kwaikwayo na ƙasar Suwidin, domin a gano abin da fenti ya iya yi masa wanda alƙalami ya kasa. Zanen kuwa shi ne Svartsjukans natt, wato "Daren Kishi", wanda ya yi a birnin Balin cikin 1893, ya ba wa Frida Uhl, 'yar jaridar ƙasar Ostiriya da ya aura a wannan shekarar.

Lokutan da Ya Yi Zane

Strindberg bai ɗauki zane sana'a ba. Manazarta sun kasa zane-zanensa cikin zango uku: farkon shekarun 1870, da 1892 zuwa 1894, da kuma 1901 zuwa 1905. Zango na biyu ya biyo bayan mutuwar aurensa da Siri von Essen cikin 1891, lokacin da ya rabu da 'ya'yansa, bashi ya yi masa katutu, rubutu kuma ya cije masa. A damunar 1892 ya keɓe kansa a Dalarö, cikin tsibiran da ke gabashin birnin Istokholm, yana zana teku da hadari. Zango na uku kuwa ya yi daidai da aurensa da Harriet Bosse, wanda aka ɗaura cikin 1901 ya mutu cikin 1904. Ashe ke nan duk sa'ad da gida ya rikice, sai mutumin ya koma ga teku.

Zubi da Salo

"Daren Kishi" ɗan ƙaramin zane ne a bisa kwali. Babu mutum a cikinsa, babu jirgi. Sama da ruwa sun cakuɗe cikin duhu, har da wuya a ce ga inda hadari ya ƙare taguwa ta soma. Fentin yana da kauri, domin Strindberg ya fi son shafa shi da wuƙa a kan buroshi, kuma cikin gaggawa yakan gama aiki. Saboda haka sawun hannunsa yana nan tudu da kwari a fuskar kwalin, mai kallo na iya bin inda wuƙar ta danna da inda ta zame.

Wannan gaggawa ba rashin tunani ba ne. A wata maƙala da ya buga da Faransanci cikin 1894 a kan rawar da katari ke takawa a aikin fasaha, ya bayyana cewa yakan fara shafa fenti ba tare da ya yanke abin da zai fito ba, sa'an nan ya bi siffar da ta ɓullo. Wato dai yana da hanya da ya zaɓa da saninsa.

Jigo

Yawancin masu sharhi sukan tsaya a kan cewa zanen amayar da baƙin ciki ne. Wannan gaskiya ne, amma bai wadatar ba. Abin lura shi ne bambancin da ke tsakanin zanen da rubuce-rubucensa. A wasanninsa Fadren, wato "Uba" (1887), da Fröken Julie (1888), namiji da mace ne ke kokawar neman rinjaye. A littafin da ya rubuta da Faransanci a kan aurensa na fari kuwa, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, matar ba ta da bakin kare kanta. Magana ba ta tafiya sai da mai yi da wanda aka yi wa, don haka duk lokacin da Strindberg ya rubuta kishinsa, sai ya zama tuhuma.

A cikin zanen babu wanda za a tuhuma. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan babu fuska, sai zuciyar kaɗai. Kishi ya bayyana a matsayin yanayi da ya rufe mai shi, ba laifin da wata ta aikata ba. A nan ne mutumin ya fi yi wa kansa da matansa adalci.

Duk da haka, marubucin bai iya yin shiru ba. In ba don sunan da ya laƙaba wa zanen ba, da sadaukarwar da ya rubuta a bayansa, da ba abin da za a gani sai hadari a teku. Sunan ne ya mai da shi wasiƙa zuwa ga mace guda, kuma kyautar da ke ɗauke da kalmar kishi tun kafin aure ba ta rasa gargaɗi a ciki. Auren kuwa bai yi ƙarko ba, domin sun rabu tun cikin 1894.

Kammalawa

Mutanen zamaninsa sun yi wa zane-zanensa ba'a, sai daga baya aka gane darajarsu, har gidan Tate Modern na Landan ya baje kolinsu cikin 2005. Darajar "Daren Kishi" ba ta tsaya ga zafin da ya haife shi ba, domin masu baƙin ciki suna da yawa, masu irin wannan zane kaɗan ne. Tana ga yadda ya nuna damuwa ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba, abin da alƙalamin Strindberg bai cika yarda ya yi ba.