Gwanintar Malamar Asibiti Wajen Warware "Kwana Biyu"

A ƙananan asibitocin Gaya da Ajingi akwai wani aiki da ba a rubuta shi a allon ƙofa ba, alhali rabin magani a kansa ya rataya. Uwa ce za ta taso daga Kademi ko Toranke da ɗanta a goye, a tambaye ta yaushe ciwon ya soma, ta ce, "Malama, ai ya kwana biyu." Rajistar da ke gaban malamar asibiti kuwa lamba take nema a wani ɗan gurbi.

Kowa ya san kwana biyun Bahaushe ba shi da tsayayyen awo. A bakin abokin da kuka yi kiciɓis a tasha yana iya kai wata shida, a bakin mai jinya kuma yana iya zama kwana uku ko mako uku.  Malalaci yana jin "biyu" sai ya rubuta 2 ya kira na gaba. Gwana ba ta yin haka, don ta san abin da ke bayan lambar. A ƙa'idar duba yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, gudawar da ta kai kwana 14 wani babi ne daban da ta jiya, kuma zazzaɓin da ya wuce kwana 7 yana zuwa kullum sai an tura yaron gaba a bincika.

Da kunne take farawa. "Kwana biyu" da aka faɗa a taƙaice daban yake da "ya ɗan kwana biyu" da aka ja, aka haɗa da kawar da kai. Na biyun yawanci kunya ce ta wadda ta san an makara, don haka malama ba ta faɗa, sai ta sassauta murya. Daga nan ta nemo ranar da ba a mantawa.

"Maman yaro, Juma'ar da ta wuce yana yi?"

"Yana yi."

"Waccan ta bayanta fa?"

"A'a, ran nan har gidan suna na je da shi, lafiyarsa ƙalau."

Shi ke nan, ta kafa turke biyu, ciwon yana ɗaure a tsakaninsu. Saura ta matso da su: ranar kasuwa fa, ranar da aka yi ruwan nan mai iska fa? Tana tambaya tana lanƙwasa yatsu, ido a kan kalandar bango, har zancen ya tsaya a kwana tara ko goma. Sai a lokacin biro yake taɓa takarda.

Inda abin ya fi burge ni shi ne ƙididdigar shekarun yaron da ba shi da kati. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Allurar ƙyanda a wata 9 ake yi. Ƙwayar bitamin A shuɗiya ta ɗan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuma ta wanda ya cika shekara. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da shi a damina na 'yan wata 3 zuwa 59 ne, shi ma awon jariri daban da na babba. Uwa kuwa abin da za ta ce shi ne, "Da azumi na haife shi, shekarar da kuɗi suka yi wuya." Nan take malama ta gane ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ake nufi, kuma azumin shekarar ya kama daga ƙarshen Maris zuwa sallar 21 ga Afrilu. Sai ta ƙara tambaya guda: kafin sallah aka yi suna ko bayanta? In bayanta ne, to a makon ƙarshe na azumi aka haihu, tunda ranar bakwai ake raɗa suna.

Dole kuma ta riƙe kalanda biyu a ka. Watan Cika-ciki, na Takutaha da na Azumin Tsofaffi suna ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, amma shuka, girbin gero da hunturu suna nan inda suke. In uwa ta ce babbar sallah ce kuma ana shuka, kuma a shekarar tare suka zo, maganganun biyu sun gaskata juna. In sun saɓa, sai a koma tambaya.

Wajen sallama kuma sai ta juya aikin. Maganin zazzaɓin da ake sha kwana uku, awa 8 ne tsakanin shan farko da na biyu. Ba za ta ce "ki ƙara masa an jima" ba, don an jima ba ta da bakin iyaka. Tana duba lokacin da yaron ya haɗiyi na farko a gabanta, in da hantsi ne sai ta ce, "Kina sallame la'asar ki ba shi, gobe da jibi kuma safe da dare." Sannan ta sa uwar ta maimaita da bakinta kafin ta ɗaure goyo.

Ku magidanta, ku rage wa malaman asibiti wahala. Ranar suna, a sa wani ya rubuta ranar haihuwa da wata da shekara, katin rigakafi kuma a sa shi a leda a adana inda gara ba za ta kai ba.