Fitilar da 'Yan Rawa Ba Sa Gani

A filin biki, ko a Magarya ko a Dungas, idon kowa yana kan mawaƙi. Ni kuwa tun daren da na zagaya bayan akwatin kayan sauti, can hankalina ke komawa. Akwatin da ake jera amfilifaya da miksa da na'urar makirfo marar waya a ciki, gabansa gwanin kyau, ƙananan fitilu kore da ja suna ta ƙyaftawa. Bayansa kuwa duhu ne ƙirin, wayoyi sun sarƙe kamar yaɗon kabewa, kuma duk abin da zai lalace a nan yake lalacewa. Yaro ya taka waya, ko rawar lasifika ta sassauta wani baki, sauti ya ɗauke, mata su fara kiran “Mai kiɗa, lafiya?” Sai ka ga mai kayan ya durƙusa da tocila a baki, yana lalube.

Gwanin sana'ar ba ya cizon tocila. Tun a gida ya sa wa bayan akwatinsa fitila.

Abin da yake amfani da shi zaren fitilar LED ne, mai zuwa a naɗe, galibi mita 5, yana cin wuta bolt 12. Ba a ko'ina ake yanka shi ba. Bayan kowane ƙwai uku akwai alama da ɗigon tagulla, a nan almakashi ke shiga, a nan kuma ake liƙa waya da dalma. In aka juya baki biyun, ba zai kama ba. Faɗin irin wannan akwati a duniya inci 19 ne, wajen santimita 48, don haka guntun da bai kai rabin mita ba ya isa. Gwani yakan kafa shi a ƙarƙashin rufin akwatin, fuskarsa ƙasa, haske ya zuba kan ramukan wayoyi, kada ya doki idon mai aiki. Ba ya yarda da gam ɗin da ke bayan zaren, don zafin bazara da hucin amfilifaya sukan saki shi. Ɗaure shi yake yi tamau, ya kuma kauce wa bakin fanka, kada na'ura ta rasa iska.

Inda na fi sara masa shi ne wajen zaɓen inda fitilar za ta sha wuta. Mai gaggawa yakan jona ta da ƙaramar adafta a soket ɗaya da kayan kiɗa. Illa biyu ke nan. Adafta mai arha tana sakin wani zuuu da kan bi wayar makirfo, amfilifaya ta kumbura shi, unguwa duka ta ji. Sannan in wuta ta ɗauke, fitilar ma ta tafi, daidai lokacin da ake nemanta. Mutanen yankin nan sun san wannan sarai. Kuran na kamfanin lantarki NIGELEC, mai bolt 220, yana da nasa hali, an kuma ɗanɗana tsakanin Agustan 2023 da Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar. Biki a ƙauyukan Dogo-Dogo ko Malawa ko Waca kuwa, yawanci da janareta ake yinsa. Shi ya sa gwani yake ba fitilarsa batir nata, na babur ko na sola, da ƙaramin fiyus kusa da kansa. Cinta kaɗan ne, sai ta kwana tana ci batir bai gaji ba. Wayarta yakan bi da ita ta gefe guda, nesa da ta makirfo. In dole su haɗu, sai ya gitta su, ba ya barinsu su kwanta tare.

Har launi sai da ya yi wa tunani. Fari tas yana tara ƙwari da damina, su cika akwati. Ja ba ya kashe ido cikin dare, amma a ƙarƙashinsa bakin waya ja da fari kusan kama ɗaya suke yi, sai a soka na dama a hagu. Don haka ya zaɓi fari mai ɗan ruwan ɗorawa, ya kuma naɗa wa kowace waya salatif, ya rubuta inda ta dosa.

Na ga amfanin wannan duka da idona a wani biki. Kiɗa ya yi daɗi, ƙura ta tashi, sai janareta ya shaƙe ya mutu. Fili ya yi baƙi ƙirin, ban da ɗan hasken nan a bayan akwati. Saurayin mai kayan bai ko miƙe ba. Ya kashe amfilifaya tukuna, don kada dawowar wuta ta fasa masa lasifika, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya danne guda da ta yi sako-sako, ya ce wa yaronsa, “Ƙane, duba mai.” Da injin ya tashi, ya kunna miksa, ya ɗan jira, sannan amfilifaya daga ƙarshe, ya ɗaga murya a hankali. Mawaƙi ya kama daga baitin da ya tsaya.